Zaɓin Bawul da Tiyo a Na'urar Haidurojin ta Haɗin Gida: Nazarin Haɗari Bisa Yanayin Tambuwal da Kebbe

Tsakure

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, masu motocin haya da manoman rani suke neman abin da zai rage musu kuɗin mai. Cikin dabarun da ake tallatawa akwai na'urar da ke raba ruwa da wutar batir, ta fitar da gaurayen haidurojin da oksijin, a zura wa inji. Wannan maƙala ta nazarci bawul da tiyo da irin wannan na'ura ke buƙata, bisa la'akari da zafin bazara da bushewar hunturu a ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe na Jihar Sakkwato. An yi amfani da dokar Faraday wajen lissafa yawan iskar, aka kwatanta halayenta da na gas ɗin girki da na CNG (matsattsen gas ɗin da motoci ke sha), sannan aka auna kowace na'urar kariya da haɗarin da aka ƙera ta dominsa. Binciken ya nuna cewa bawul mai hanya ɗaya da bawul ɗin sakin matsi ba sa tare wuta, cewa babbar kariya ita ce rage yawan iskar da ke taruwa, kuma man da na'urar ke ci ya ninka wanda take mayarwa sau goma. Maƙalar ta ba da ma'aunin zaɓin kayan haɗi, ta kuma ba da shawarar a karkata basirar kanikawa zuwa ga aikin gas mai ƙa'ida.

Muhimman kalmomi: haidurojin, bawul, tiyo, komawar wuta, gas ɗin girki, noman rani, Tambuwal, Kebbe.

1.0 Gabatarwa

A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen naira 500, kuma zuwa Oktoban 2024 ta haura naira 1,000 a gidajen mai da dama. Direban haya da ɗan acaɓa da manomin da ke shayar da shinkafa da injin ban ruwa duk suka shiga neman mafita. Wasu manoman rani a jihohin Arewa suka mayar da injinansu suna shan gas ɗin girki, gwamnatin tarayya kuma ta kafa shirin mayar da motoci masu amfani da CNG a cikin 2023.

Akwai hanya ta uku da ta fi yawo a YouTube da Facebook da TikTok, wato na'urar da ake kira HHO. Ana jera faranti na ƙarfe marar tsatsa a cikin ruwan soda, a jona musu wutar batir, kumfa ta riƙa tashi, a ja iskar da tiyo zuwa hanyar iskar inji, da da'awar cewa mota za ta rage shan mai. Duk bakaniken da ya iya walda da haɗa waya zai iya harhaɗa ta da kayan da ke kasuwa, kuma wannan sauƙin ne abin tsoro, domin kayan kariyar da hannu zai fi saurin kaiwa gare su an ƙera su ne don ruwa ko fetur ko gas ɗin girki.

Manufar maƙalar ita ce amsa tambayoyi uku. Nawa ne yawan iskar da na'urar ke samarwa, kuma me ake biya kafin a same ta? Wane bawul ne ke maganin wane haɗari? Wane irin tiyo da mahaɗi ne za su jure sinadarin da ke ciki da yanayin wannan yanki?

1.1 Yankin Nazari

Tambuwal na kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Bodinga da Shagari zuwa Jega, tazarar kusan kilomita 100 daga babban birnin jiha. Kebbe na maƙwabtaka da ita, a kan iyaka da jihohin Kebbi da Zamfara. Ƙidayar 2006 ta nuna Tambuwal na da mutane sama da 220,000, Kebbe kuma sama da 120,000. Sufuri a kan wannan hanya da noman fadama su ne sana'o'i biyu da tsadar mai ta fi taɓawa. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma hunturu kan zo da ƙura da busasshiyar iska. Kowanne cikin waɗannan yanayi biyu yana da tasiri a kan zaɓin kayan haɗi.

2.0 Waiwaye

Raba ruwa da wutar lantarki tsohon ilimi ne. William Nicholson da Anthony Carlisle sun yi shi a Ingila a 1800, Michael Faraday kuma ya fitar da dokokin da ke lissafa yawan abin da ake samu a 1833 da 1834. A 1815 Humphry Davy ya ƙera fitilar masu haƙar kwal wadda ragar waya ke hana harshenta fita, kuma a kan wannan hikima aka gina duk matarin wuta na zamani: idan harshen wuta ya shiga ƙunƙuntar kafa, ƙarfe kan zuƙe zafinsa ya mutu.

Masu tallar HHO kan kafa hujja da rahoton da John Cassidy ya fitar a hukumar NASA a 1977, inda ya nuna cewa ƙara haidurojin kan ba inji damar aiki da ɗan fetur cikin iska mai yawa. Sai dai haidurojin ɗin da aka zuba wa injin a wannan gwaji ya haura rabin kilogiram a awa ɗaya, kuma ba daga batirin motar aka samo shi ba. A ɗaya ɓangaren, wata kotu a jihar Ohio ta Amurka ta sami Stanley Meyer, mai da'awar mota mai tafiya da ruwa, da laifin zamba a 1996, ta umurce shi ya mayar wa masu zuba jari biyu dala 25,000.

Ta fuskar ƙa'idoji, akwai ISO 22734 na injinan raba ruwa, da ISO 5175 na matarin wuta a aikin walda, da ISO 4126 na bawul ɗin sakin matsi, da ISO 11439 na tukwanen CNG na mota. Abin lura shi ne injinan raba ruwa na masana'antu suna da shamaki tsakanin haidurojin da oksijin, kuma akan tsayar da su da zarar haidurojin ya kai wajen kashi 2 cikin 100 a ɓangaren oksijin. Na'urar HHO kuwa da gangan take cakuɗa su.

3.0 Hanyar Gudanar da Bincike

Binciken na lissafi ne da kwatance. An ɗauki samfurin na'ura mai ɗakuna 6 a jere, mai jan amfiya 20 daga wutar mota mai bolt 14, da ruwan soda lita 1, da tiyo mai faɗin milimita 6 daga ciki. An lissafa yawan iska da dokar Faraday, inda kowace amfiya ɗaya a ɗaki ɗaya ke ba da kusan mililita 10.4 na gauraye a minti. An ɗauki ingancin altaneta a kashi 55 cikin 100, na inji kuma a kashi 30. Daga nan aka jera hanyoyin da na'urar za ta iya ɓaci, aka duba kowane bawul a gaban kowace hanya.

4.0 Sakamako

4.1 Abin da Ake Samu da Abin da Ake Biya

Samfurin yana cin wat 280, yana ba da gauraye kusan lita 1.25 a minti, wanda kashi biyu cikin uku nasa haidurojin ne. A awa ɗaya wannan ya kama giram 4.5 na haidurojin, mai ƙarfin zafi daidai da wat 150, ko kuma mililita 17 na fetur. Kafin altaneta ta ba da wat 280 sai inji ya ba ta kusan wat 500, kafin inji ya ba da wat 500 kuma sai ya ƙona fetur mai ƙarfin kusan wat 1,700, wato kusan mililita 190 a awa. An kashe 190 an karɓi 17. Idan aka kwatanta giram 4.5 da abin da aka yi amfani da shi a gwajin NASA, na'urar ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, don haka babu hujjar jingina mata sakamakon wancan gwaji.

Ga sauran injinan yankin lamarin ya fi muni. Babura masu 100 zuwa 125 cc ba sa samar da wutar da ta kai wat 280. Ƙaramin injin ban ruwa na fetur da ake tayarwa da igiya ba shi da altaneta ko batir, sai maganeto mai ba fulogi wuta, saboda haka manomi sai ya nemo wata wutar daga waje.

4.2 Halayen Iskar

Haidurojin yana kamawa da wuta idan ya kai kashi 4 zuwa 75 cikin 100 na iska, a cikin tsantsar oksijin kuma har kashi 94. Gas ɗin girki na kamawa ne tsakanin kusan kashi 2 zuwa 10, iskar CNG kuma 5 zuwa 15. Tartsatsin da ke kunna haidurojin kusan milijul 0.02 ne, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na wanda fetur ke buƙata. Ba shi da wari, ba shi da launi, kuma da rana da ƙyar ido ke ganin harshen wutarsa. Gas ɗin girki an sa masa sinadari mai wari don hanci ya ji yoyonsa. Haidurojin bai da wannan alamar.

Babban bambanci yana fitowa ne idan aka dubi aikin masu walda. Mai walda da tukunyar kabaid yana da tiyo biyu, ja na asitilin da shuɗi na oksijin, kuma iskokin biyu ba sa haɗuwa sai a cikin mariƙin tocin. Muddin kowace iska na cikin tiyonta, wuta ba ta saurin samun abin ci a ciki. A na'urar HHO, makamashi da oksijin ɗinsa suna tare tun daga saman faranti har bakin inji, a daidai gwargwadon da ya fi saurin fashewa, biyu bisa ɗaya. Kowane santimita na tiyon a shirye yake ya ƙone.

Lissafi ya nuna iskar samfurin na gudu cikin tiyo mai milimita 6 da saurin da bai kai mita 1 a daƙiƙa ba. Harshen wutar wannan gauraye kuwa yana tafiya kusan mita 10 a daƙiƙa tun daga farko, kuma a cikin bututu yakan ƙara sauri har ya rikiɗe ya zama fashewa mai gudun kusan mita 2,800 a daƙiƙa. Saboda haka duk lokacin da inji ya yi atishawa ta kabureta, wutar za ta bi tiyon ta koma tushe. Matsin da ke biyo baya kan ninka na farko sau 8 zuwa 10 a rufaffen wuri, ya kai wajen sau 18 idan ta zama fashewa mai gudu. Lita ɗaya ta gaurayen na ɗauke da kusan kilojul 7, ƙarfin da zai ɗaga buhun siminti mai kilo 50 sama mita 14, kuma cikin ƙiftawar ido yake fita gaba ɗaya.

4.3 Bawul da Aikin Kowanne

Na'urorin kariya biyar ne suka shafi wannan tsari, kuma babu wadda ke maye gurbin wata.

Na farko, bawul mai hanya ɗaya. Aikinsa na gaskiya yana bayyana ne bayan an kashe inji. Tukunyar na'urar takan huce, iskar cikinta ta tsuke, sai ta zuƙo ruwan da ke kwalbar shingen ruwa da ke gaba ya koma cikinta. Wannan bawul ne ke hana hakan. Wanda ya dace shi ne mai laushin sifirin, wanda ɗan matsi kaɗan ke buɗewa, domin mai tauri yana tara matsi a bayansa. Amma ba ya tare wuta. A lokacin da iska ke wucewa a buɗe yake, kuma cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa fashewa mai gudu ta riga ta ci kusan mita 3. Kafin murfinsa ya motsa wuta ta wuce.

Na biyu, bawul ɗin sakin matsi. Kanikawa sun san irinsa a murfin lagireto, wanda ke buɗewa a wajen bar 1. Yana maganin matsin da ke hawa sannu a hankali, kamar idan tiyo ya lanƙwashe ko ya toshe. A na'urar HHO dole a saita shi ƙasa ƙwarai da na lagireto, domin duk ƙarin matsin farko ninkuwa yake yi idan wuta ta kama. Bakinsa kuma a ja shi da tiyo zuwa sarari, nesa da batir da altaneta da salansa. Fashewa ta fi ƙarfinsa, domin ƙofarsa ƙarama ce kuma sifirin ɗinsa ba shi da saurin da ake buƙata.

Na uku, marfi mai rauni da gangan. Ana yin sa a saman kwalba da tukunya domin idan wuta ta kama shi ne zai fara tashi, jikin tukunyar ya tsira. Ya zama mai faɗi, marar nauyi, a ɗaure shi da igiya don kada ya zama harsashi, a kuma fuskantar da shi inda babu fuskar mutum.

Na huɗu, shingen ruwa. Kwalba ce da iskar ke shiga ta ƙasan ruwa, ta taso kumfa-kumfa, ta fita ta sama. Tsoffin tukwanen kabaid masu inganci suna da irinsa. Ruwan yana katse layin iskar, yana kuma wanke ƙurar soda kafin ta isa inji. Yana aiki ne bisa sharuɗɗa uku: ruwan ya yi zurfi, kumfar ta fito rarrabe ba ta zama igiya ɗaya ba, sararin da ke saman ruwan kuma ya zama ɗan kaɗan, domin shi kam zai ƙone. Sararin mililita 100 na ɗauke da kilojul 0.7, na lita ɗaya kuma 7. Kwalbar gilashi haramun ce a nan. A hanya mai gargada ruwan kan yi tangal-tangal ya buɗe bakin bututu, a bazara kuma yakan ƙafe, don haka sai an duba shi kullum kafin a tayar da inji.

Na biyar, matarin wuta busasshe. Kafar da ke kashe harshen iskar CNG ko tururin fetur kusan milimita 2 ce, ta haidurojin a cikin iska kusan 0.6, a cikin oksijin kuma ƙasa da haka sosai. Ke nan ragar da ta isa ga gas ɗin girki hanya ce buɗaɗɗiya ga haidurojin. Cusa soson waya na wanke tukunya a cikin bututu ya fi komai muni, domin siririn ƙarfe da kansa yana cin wuta a cikin oksijin. Matarin da ake sa wa tocin walda an yi shi da dunƙulen garin ƙarfe mai ƙananan kafofi, kuma a jikinsa ake buga harafin iskar da aka gwada shi da ita. Ko wanda aka buga wa haidurojin, an gwada shi ne don layin da ke ɗauke da iska ɗaya, kuma danshi da soda na toshe kafofinsa. Wurinsa shi ne bayan shingen ruwa, dab da inji, a matsayin ƙari a kan shingen.

Jerin da ya fito daga wannan nazari shi ne: tukunya mai marfin rauni da bawul ɗin sakin matsi, sai bawul mai hanya ɗaya, sai shingen ruwa, sai matarin wuta, sai hanyar iskar inji kafin maƙogwaron kabureta. Idan aka jona tiyon a manifol, zuƙar inji za ta iya jawo ruwan soda cikin silinda, soda kuma tana cin alminiyom ɗin da aka yi fistin da kan inji da shi. Bawul guda ne bai kamata ya kasance a layin ba, wato famfon rufewa da hannu. Ranar da aka manta shi a rufe na'ura na aiki, tukunyar ta zama bam. Haka kuma ba a tara wannan gauraye a tanki ko balan-balan ko tukunyar gas, komai ƙanƙantarta.

4.4 Tiyo da Mahaɗai

Ruwan na'urar yawanci na sodar KOH ne ko na sodar da ake haɗa sabulu da ita. Dukansu suna cin alminiyom da tutiya, suna lalata farin tagulla sannu a hankali, suna kuma raunana robar gorar ruwan sha da roba mai ƙyalli irin ta polikabonet har ta tsage. Kayan da ke jure su su ne roba mai alamar PP ko HDPE ko PTFE, da zoben roba na EPDM, da ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316. Gishiri ba ya maye gurbin soda, domin yana fitar da iskar kulorin mai guba. Ruwan rijiya kuma yana barin datti a faranti da bakin bawul, don haka tataccen ruwan da ake ƙara wa batir ne kaɗai ya dace.

Farin tiyon PVC da magina ke auna daidaiton gini da shi yana fara laushi a wajen digiri 60, ya zame daga mahaɗi ko ya lanƙwashe ya toshe. Tiyon ban ruwa ma haka. Faɗi da tsawo su ma abin lissafi ne: mita ɗaya na tiyo mai milimita 6 yana ɗauke da mililita 28 na gauraye, mai milimita 12 kuma mililita 113. Gajeren tiyo siriri ya fi aminci. A ɗaure kowane mahaɗi da kilif na ƙarfe, ban da robar tayar keke ko waya, a kuma bi da tiyon nesa da salansa da wayoyin fulogi, ba tare da kwarin da ruwa zai kwanta ba. Kada wani ɓangare na na'urar ya shiga ɗakin fasinja ko but, domin haidurojin ya fi iska rashin nauyi sau 14, kuma a ƙarƙashin rufi yake taruwa.

Gwajin yoyo da iskar famfon taya ake yin sa, na'ura a kashe, a shafa ruwan sabulu a kowane mahaɗi a duba kumfa. Ashana da leta ba kayan gwaji ba ne.

4.5 Tasirin Bazara da Hunturu

Cikin wat 280 da samfurin ke ci, kusan 180 ne ke tafiya wajen raba ruwa, sauran 100 zafi suke zama. Lita ɗaya ta ruwa na buƙatar kusan kilojul 4.2 kafin ta hau digiri ɗaya. Idan aka fara daga digiri 42 na tsakar ranar Afrilu, ba tare da sanyaya ba, ruwan zai kai 60 cikin kusan minti 13, kafin ma a lissafa zafin injin da ke gefensa. Ruwan soda kuma yana ƙara jan wuta idan ya yi zafi, ƙarin wutar ya ƙara zafi, haka har ya tafasa ko waya ta narke. Don haka fiyus da na'urar taƙaita amfiya da makatsin zafi wajibi ne. Wutar na'urar kuma ta bi ta rile da ke kamawa kawai idan inji na juyawa, kamar wanda aka jona da makunnin matsin baƙin mai. Idan makulli kaɗai ke kunna ta, direban da ya tsaya a tasha yana jin rediyo yana cika hanyar iskar injinsa da gauraye bai sani ba.

Hunturu kuma nasa haɗarin tartsatsi ne. Ɗan tsartuwar da mutum ke ji idan ya taɓa ƙofar mota a busasshiyar iska ta ninka abin da ke kunna haidurojin sau da yawa. Ƙura kuma takan zauna a bakin bawul ta hana shi rufewa daidai.

5.0 Tattaunawa

Idan aka haɗa sakamakon, ana iya rage haɗarin na'urar amma ba a iya kawar da shi, domin tushensa yana cikin tsarinta: iskar a cakuɗe take tun haihuwarta. Ko an sa duka kariya biyar, lissafin mai bai canja ba. Raunin da aka fi tsoro shi ne marfi ya tashi ruwan soda mai zafi ya fantsama a fuska. Soda tana cin ido cikin mintuna kaɗan, kuma matakin farko shi ne a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta aƙalla minti 20 kafin a kama hanyar asibiti. Ga mai gareji a Kebbe ko Tambuwal, manyan asibitocin Sakkwato tafiya ce mai nisa. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Darasin ya wuce HHO, domin kuskuren aron kayan wata iska a sa wa wata shi ne ke barazana ga masu gas ma. A watan Oktoban 2024 wata mota ta fashe a gidan sayar da CNG a birnin Benin na Jihar Edo, mutane suka jikkata, hukumomi kuma suka bayyana cewa tukunyar motar haɗin walda ce marar izini. Ana ɗura CNG ne a matsin bar 200, alhali tukunyar gas ɗin girki ana gwada ta ne a wajen bar 30. Tukunyar CNG ta gaskiya tana da abin sakin iska da ke buɗewa idan zafi ya kai wajen digiri 110, abin da tukunyar haɗin gida ba ta da shi.

Manomin fadama mai injin gas shi ma yana da nasa ƙa'idojin. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, kuma idan ruwa ya yi ƙasa a ƙarshen rani manoma kan haƙa rami su sauke injin kusa da bakin rijiyar burtsatse. A irin wannan rami yoyon gas ke kwantawa. Tukunyar ta tsaya a tsaye, a sama, a inuwa, kada cikinta ya wuce kashi 80 cikin 100, da regileta da tiyon da aka yi don gas, wanda fetur ko rana ba su cinye ba. Idan jikinta ya yi raɓa ko ƙanƙara saboda yawan zuƙa, maganin shi ne babbar tukunya, ba hura wuta kusa da ita ba. Bambancin wannan hanya da HHO shi ne gas makamashi ne na gaske da ke maye gurbin fetur, kuma babu oksijin a cikin tiyonsa.

6.0 Shawarwari

1. Kanikawa su daina ɗora na'urar HHO a motocin haya da babura da injinan ban ruwa, domin asararta ta fi ribarta.
2. Inda za a haɗa ta don koyarwa, a yi a fili, ƙarama, da tabarau na kariya da bokitin ruwa a kusa, da jerin kariyar da aka bayyana a 4.3.
3. Ƙungiyar kanikawa ta NATA da ƙungiyoyin manoman rani su nemi horo kan tiyo da regileta da gwajin yoyo, cikin harshen Hausa, daga cibiyoyi irin su Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi.
4. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta kai sa ido kan ingancin tiyo da regileta har kasuwannin ƙananan hukumomi, inda manoma ke sayayya.
5. Mayar da mota mai CNG a yi shi a cibiyar da ke da izini kawai, da tukunya mai lambar shaida.
6. Masu bincike su auna shan mai na injinan ban ruwa da fetur da gas a fadamun Tambuwal da Kebbe, domin manomi ya sami alƙaluman da suka fito daga gonarsa.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa zaɓin bawul yana farawa ne daga sanin iskar da zai riƙe da haɗarin da zai tare. Bawul mai hanya ɗaya na ruwan da ke komawa ne, na sakin matsi na toshewa ne, marfin rauni da shingen ruwa da matarin wuta su ne na wuta, kuma dukansu suna dogara ne a kan ƙarancin iskar da ke cikin layin. A na'urar HHO, bayan duk wannan ɗawainiya, mai mota yana ƙona kusan mililita 190 na fetur don ya karɓi kwatankwacin 17. Bakaniken da ya kai ga harhaɗa irin wannan na'ura yana da hannu da kaifin basirar da yankin ke buƙata, kuma haƙƙinsa ne a kan jami'o'i da hukumomi su ba shi ilimi da kayan aiki masu inganci, domin ya zama shi ne mai tsare rayukan direbobi da manoman da suka koma amfani da gas.